Ƙanena da Aka Mayar a Kara

Mu mahauta ne tun kakanmu, wanda ya sauko Garwa daga ƙasar Kano da wuƙarsa. Lekol, wato makarantar boko, na ɗan taɓa, ban yi nisa ba, babanmu ya cire ni ya ce hannu yake bukata a kwata, ba Faransanci ba. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, ko kada ya yi, duk ɗaya ne a wurina. Labarin ƙanena zan rubuta, don mutanen garin nan sun mai da shi abin dariya a teburin mai shayi, kuma yawancin masu ba da shi suna goye a bayan uwayensu lokacin da aka yi abin.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ke bi mini. Dogo ne siriri, tafin hannunsa kamar faranti. Ranar da babanmu ya fara kai shi kwata, da aka kayar da sa aka ɗora masa wuƙa, sai yaron ya toshe kunnuwa ya tsuguna a cikin jini bai ma sani ba. Babanmu ya gwada duka, ya gwada lallashi, daga ƙarshe ya bar shi a teburinmu na kasuwa yana naɗe wa mata nama a takarda.

Yana da wani abu da mu a gida muke kira shirunsa. Haka kawai yake zuwa masa. Ya daina magana, ya zuba wa bango ido, abinci ma sai Inna ta zauna kusa da shi da kwano. Wani lokaci 'yan kwanaki, wani lokaci ya zarce mako. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya yaga riga. Kuma mun san yadda ake bi da shi. Inna ta dama masa kunun gyaɗa, ni in ja shi mu gangara bakin Binuwai mu zauna muna kallon masu wanki, in damina ce mu kalli jiragen ruwa ana yi musu lodi. Kada kowa ya tambaye shi abin da ke damunsa. Sai ka ga ya dawo da kansa, ya ce yana jin yunwa. Ba mu faɗa wa kowa a waje ba.

Wuri ɗaya ne abin nan ba ya cin ƙarfinsa, tsakanin sandunan raga. Gardiye ne, mai tsaron gida, kuma ban ce ya fi kowa a duniya ba, amma a Garwa ta wancan lokaci ban ga na biyunsa ba. Filinmu jar ƙasa ce da tsakuwa, ba ciyawa ko ɗaya, shi kuwa sai ya tashi sama ya faɗo a kan kwatangwalo kamar katifa aka shimfiɗa masa. Inna ce ta ɗinka masa gajeren wando ta cusa auduga a gefe da gefe don kada fatar ta ƙare. Ya taɓa ce mini, muna dawowa daga fili:

"Yaya, in na tsaya a raga, abu ɗaya ne kawai ya rage a duniya, ƙwallon nan. Duk surutun da ke cikin kaina sai ya kwanta."

Na ce, "To ka riƙa kwana a ragar mana, mu huta."

Ya yi dariya. Shi ke nan abin da yake da shi. Ba mata, ba sana'ar kirki, ba karatu. Ragar nan ce, da Inna, da kogi.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garin nan. Ana ta zuba kwalta da gine-gine, kowane mai kuɗi yana son manya su san da zamansa. Mai ƙungiyarmu wani Alhaji ne, babban mai fataucin shanu, wanda daga hannunsa dabbobin da muke yankawa suke fitowa. Bai san ƙwallo ba. Ban taɓa ganin ya bi wasa da ido daga farko har ƙarshe ba. Abin da ya sani shi ne, ranar Lahadi ana ajiye masa kujera kusa da manyan gwamnati. Ya saya wa yara riguna da takalma, ya ɗauko wani malamin lekol, mutumin kudu, ya riƙa koya musu. Mushe muke ce masa, wato malam a Faransanci. Katin kowane ɗan wasa kuwa, mai hoto, wanda ba a barin ka shiga fili sai da shi, yana wurin Alhaji.

A shekarar da abin ya faru, ƙungiyar ba a cinta, amma ita ma ba ta ci. Ƙanena ya tare baya, na gaba sun kasa zura komai. Sai ga wani abokin cinikin Alhaji, Bafulatanin Banyo, ya zo gari. Shi ma yana da tasa ƙungiyar a can, yana da wani yaro mai zura ƙwallo kamar da gayya, amma ragarsa a buɗe take. Ga kuma ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya daɗe yana zaune a benci a bayan ƙanena, uwarsa ta hana Alhaji sakat.

Ba a ofis aka yi maganar ba, ba a fili ba. A kara aka yi, kasuwar shanu, a gindin dalbejiya, bayan sun gama cinikin bijimai. Yadda ake yi shi ne, dillali ya kama hannun mai saye da na mai sayarwa ya haɗa, ya yi ta ja. Mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya sake cewa albarka, har a kai inda zai ce na sallama. In ya furta wannan a gaban mutane, magana ta ƙare, ko ubansa ne ya tashi daga kabari. To haka suka yi da 'yan Adam biyu, suna dariya. Mushe ma ba a tambaye shi ba.

Ni washegari na ji, ina fiɗa. Dillalin da ya haɗa hannuwan ne ya wuce ta kwata, ya ɗaga mini murya:

"Kai ɗan fawa! An sayar da ƙanenka jiya, ba ka zo an ba ka na goro ba?"

Na ce, "Uwarka aka sayar."

"Wallahi da gaske nake. Banyo za shi. Musaya aka yi, kai da kai, ba ciko."

Ban wanke hannu ba na tafi gidan Alhaji. Na same shi a zaure da mutane, na tsuguna, na jira har suka ragu. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ba zai iya zama a wani gari ba." Na faɗa masa komai, abin da ba mu taɓa faɗa wa bare ba. Shirun, da kunun, da kogin.

Ya saurara yana jan carbi. Ya ce, "Yana ɗingishi?"

"A'a."

"Idonsa lafiya? Yana tari?"

"Lafiya lau, Alhaji. A kai abin yake."

"To wannan shagwaɓa ce ta uwa. In ya sha iskar dutse zai warke. Kuma na riga na sallama, ɗana. So kake a ce na ci maganata a kara? Gobe wa zai sayi ko akuya a hannuna?" Ya sunkuyo ya rage murya. "Abin nan da ka faɗa mini, ka bar shi a zauren nan. Kada in ji shi a bakin kowa."

Mushe ya je shi ma, da Faransancinsa da gumi, aka ce masa albashinsa na koyarwa ne, ba na shawara ba. Ƙanena yana iya cewa ba za shi ba, gaskiya ne, ba wanda zai ɗaure shi. Amma katinsa ya riga ya koma aljihun mutumin Banyo. In ya zauna, ba raga a Garwa, ba raga a ko'ina. Shi da kansa ya zaɓi tafiya.

Ranar tafiya da safe na raka shi tasha. Inna ta sake cusa sabuwar auduga a wandon, ta ƙulla masa gyaɗar kunu a tsumma, kamar akwai mai dama masa a can. Yana hawa bayan motar ya juyo ya ce:

"Yaya, akwai kogi a Banyo?"

Na ce, "Akwai mana, har ya fi namu." Ban taɓa zuwa Banyo ba.

Abin da ya faru a can, daga bakin direbobin goro na tattara shi, don su ke bin hanyar nan ta Tibati da Ngaundere. An ba shi wurin kwana a ɗakin ajiyar kanti, cikin buhunan gishiri da kanwa. Garin sanyi, ruwa ba ya ɗaukewa, shi kuwa ɗan zafin Garwa. Wasannin farko ya yi abin da ya saba, har ana ɗaga shi sama. Sannan shirun ya zo. Ba wanda ya san mene ne. Suka ce girman kai ne na 'yan birni. Mutumin Banyo ya yi masa tsawa, ya sa aka saka masa riga aka tura shi fili. Ya tsaya a raga hannuwa a sake, ƙwallo ta wuce ta damansa, ta wuce ta hagunsa, bai ko juya ba. Daga nan ya zauna a ƙasa ya jingina da sanda. Ragar da take kwantar masa da kai, a ranar ta kasa. Suka kai shi wurin wani mai magani, aka rufe shi da bargo aka yi masa hayaƙi har ya suma.

Ga al'adar kara. In ka sayi dabba, daga baya ka gano tana da aibin da aka ɓoye maka, kana da ikon mayar da ita. Amma ba gidan mai ita za ka kai ba. Inda aka ƙulla cinikin za ka kawo ta, ranar kasuwa, a gaban sarkin kara da dillalin da ya haɗa hannu. A duba ta, a tantance: aibin tsoho ne, ko a hannun mai saye ya same ta? In tsoho ne, ta koma wa mai ita. In sabo ne, mai saye ya ja abarsa ya tafi. Al'ada ce mai kyau, ni ma na ci amfaninta. Don shanu aka yi ta.

Mutumin Banyo bai san wata hanya ba sai wannan. Ya sa ƙanena a motar goro, ya kawo shi Garwa, bai biya da shi gida ba, ya wuce da shi kara.

Aka aiko a kira ni. Rana ta take, wurin cike da Fulani da dillalai da mahauta 'yan uwana. Na kutsa na same shi a tsaye a gindin dalbejiyar nan, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana rungume da ƙullin kayansa. Na ce, "Kai, ni ne." Ya dube ni kamar ya taɓa ganina a wani wuri.

Mutumin Banyo yana ta faɗa, rabi Hausa rabi Fillanci. "Lafiyayye na ba ka! Yarona yana ci maka ƙwallo kowace Lahadi, har a rediyo na ji. Kai kuma ka ba ni wannan. Dube shi! Ku dube shi, jama'a!"

Alhaji ya ce, "Lafiya lau ya bar nan. Duk garin nan shaida ne. Abin da kuka ba shi ya ci a can, ku kuka sani."

Wani daga baya ya ce, "A duba haƙoransa mana!" Aka kwashe da dariya. Sarkin kara, dattijo ne, ya ɗaga sanda aka yi shiru. Ba mugu ba ne. Ina ganin shi kansa abin ya dame shi, amma hukunci ɗaya ya iya. Ya juyo wurina.

"Kai ne wansa. Tsakaninka da Allah, abin nan da shi ya tafi, ko a can ya same shi?"

Alhaji ya kafa mini ido. Na gane sarai inda kowace amsa za ta kai. In na ce a can ya same shi, na rufa masa asiri, na faranta wa Alhaji, amma yaron na mutumin Banyo ne, a mayar da shi ɗakin gishiri da bargon hayaƙi, ko ya zauna gida katinsa na can. In na ce tsoho ne, ya dawo wurin Inna da katinsa, amma na faɗa da bakina a gaban duk kasuwa.

Na ce, "Tun yana yaro yake da shi. Kuma na faɗa wa Alhaji kafin ya tafi."

Ko yau aka sake tsayar da ni, haka zan ce. Ba ni na kai shi kara ba.

Aka yanke cewa ciniki ya warware. Sai dai Alhaji ya ƙi sakin mai cin ƙwallon, don ya ɗanɗana tafin manya. Aka sake haɗa hannu, aka ja, aka ce albarka, aka ƙara, daga ƙarshe mutumin Banyo ya karɓi bijimi ɗaya a madadin yaronsa, ya jefa wa Alhaji katin ƙanena a cinya. Duk wannan a gaban ƙanena aka yi. Na kama hannunsa muka fito, mutane suna darewa.

Inna ta dama kunu. Na kai shi kogi, yau da gobe, har ruwa ya janye yashi ya fito. A hankali ya fara ci, ya fara amsa sallama. Asibiti ma mun je, likitan ya ce ba fanninsa ba ne, ya ba mu ƙwayoyin da ke sa shi barci yana dalalar da miyau, muka daina. Alhaji ya daina ba ni shanu, na koma saye a hannu na biyu. Wannan bai dame ni ba kamar yadda yaron ya fara ɗaukar wandonsa kowace yamma ya tafi fili. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya kira shi. Ɗan ƙanwar Alhaji na cikin raga, shi kuma yana tsaye a bayanta, yana karkata jiki dama da hagu tare da kowace ƙwallo. Mushe ya roƙi a bar shi ko atisaye ya riƙa yi. Alhaji ya ce kayan da aka dawo da shi a gaban jama'a ba ya sake fitar da shi.

Haka aka ci watanni. Sai ɗan ƙanwar ya karye a yatsa ana jibi babban wasa da wata ƙungiya daga Kaele, kuma babu wani gardiye. Mushe ya zo gidanmu da kansa, ya cire hula, ya tsuguna a gaban Inna.

"Mama, Alhaji ya yarda. Wasa ɗaya. In ya yi kyau, ni na san yadda zan yi ya zauna."

Inna ta ce, "Ni ban sani ba, ɗan nan. Ku tambaye shi."

Ƙanena yana bakin ƙofa yana ji. Ya ce, "Zan tsaya." Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin Banyo. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Ya sa ni na yi ta buga masa ƙwallo a bayan gida yana kamawa, yana ce mini, "Da ƙarfi mana, Yaya, ko fiɗa ta cinye maka ƙafa?" Ni da na san garin nan, na bari raina ya yarda.

Ranar Lahadi fili ya cika. Ya fito da baƙar rigarsa da wandon Inna, ya taka zuwa raga, ya taɓa sandar dama ya taɓa ta hagu kamar yadda ya saba. Alƙalin wasa bai ma busa ba. Daga bayan ragar wani ya yi kukan sa. Wani ya amsa daga can gefe. Kafin ka ce me, gefen nan duka ya ɗauka, manya da yara, suna kukan shanu suna dariya. Kuma kada wani ya ce baƙin Kaele ne. Su ba su san labarin ba. Namu ne, 'yan garin nan, waɗanda suka sha tafa masa, har da waɗanda muke fiɗa tare. Sai wani ya wurgo igiyar ɗaure sa, ta faɗi a gabansa.

Na yi tsalle zan shiga, 'yan sanda suka tare ni. Ina kallo ya sunkuya ya ɗauki igiyar. Ya naɗe ta a gwiwar hannu, tsaf, yadda babanmu ya koya mana, ya ajiye ta a kan layin raga. Sannan ya bi gefen fili yana tafiya a hankali, bai kalli kowa ba, ya fita ta ƙofar da 'yan kallo ke shiga. Wani ɗan baya aka sa wa baƙar riga aka yi wasan. Wai an ci mu. Ban tsaya ba.

A gida na same shi, zaune a zaure da kayan wasan a jikinsa. Inna ta dama kunu, ya huce a kwano. Na ce mu je kogi, ya tashi ya bi ni, muka zauna, muka dawo. Na yi ta kai shi har shekara ta zagayo. Wannan karon bai ce yana jin yunwa ba.

Inna ta rasu tana tambayata ko ya ci abinci. Mushe ya nemi canji ya koma kudu. Alhaji da ya mutu, a wurin zaman makoki na ji wani babba yana cewa ba wanda ya yi wa matasan garin nan hidima kamarsa, kowa yana gyaɗa kai. Ni kuwa har yau ina zuwa kara ranar kasuwa, don ba ni da wata sana'a, ina wucewa ta gindin dalbejiyar nan in ji ana cewa na sallama.

Ƙanena yana nan a wurina. Gashinsa ya fara fari. Matata ke ba shi abinci, yana ci in an miƙa masa, yana wanka in an ce ya yi. Da la'asar yakan zauna a dakalin ƙofar gida. Yaran unguwa suna buga ƙwallonsu a lungun, wani lokaci ta gangaro har wurinsa, su tsaya daga nesa suna cewa, "Baba, a jefo mana." Sai ya janye ƙafafunsa ya bar ta ta wuce.